Waiwaye: Yadda ake zaɓar duniyar da za a buga wa littafi a wasan Dungeons & Dragons

Duk lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da jerin littattafan da zai buga a shekara mai zuwa, 'yan wasan Dungeons & Dragons sukan tsallake komai su duba abu ɗaya: wace duniya ce za ta samu littafi a wannan karon? Masu son Dark Sun sun fi shekara goma suna jira, masu son Birthright kuwa sun kusa cire rai. Tushen wannan jira yana cikin abin da ya faru da wani kamfani a wani ƙaramin gari na jihar Wisconsin ta Amurka, kusan shekara talatin da suka wuce.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗayansu shi ne jagora, shi yake bayyana wuri da abin da ke faruwa, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi, sai a jefa ƙwayar lido mai fuska 20 a ga ko ya dace. Tatsuniya ce da masu sauraro suke sa baki a ciki. Littafin ƙa'idoji yana faɗin yadda ake faɗa da yadda tsafi ke aiki. Littafin duniyar wasa kuwa shi ke ɗauke da taswira, da sunayen birane, da sarakuna, da wanda ke gaba da wa da dalilin gabar.

A 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan ta hannun kamfanin TSR na garin Lake Geneva, babu irin wannan littafi. Ƙananan littattafai 3 ne a cikin kwali, kofe 1,000 aka fara bugawa, kuma an ɗauka kowane jagora zai zana tasa ƙasar. Ko littattafan Greyhawk da Blackmoor na 1975, duk da suna ɗauke da sunayen duniyoyin Gygax da Arneson, ƙarin ƙa'idoji ne suka cika su. A shekarar ce dai TSR ya buga Empire of the Petal Throne na M.A.R. Barker, malamin jami'a masanin harshen Urdu, wanda ya ƙirƙiro wa duniyarsa har da harsuna. Sai a 1980 Gygax ya fitar da World of Greyhawk da babbar taswirarta mai launi. Nan aka gane cewa akwai jagororin da ba su da lokacin gina ƙasa daga tushe, kuma a shirye suke su biya a gina musu.

Abin da ya buɗe idon kamfanin sosai shi ne Dragonlance a 1984. Tracy Hickman da Margaret Weis sun haɗa wasan da littattafan ƙagaggun labarai, littattafan kuma suka yi kasuwa har a wajen waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwayar lido ba. Bayan Gygax ya rasa iko da kamfanin a 1985, TSR ya nemi wata babbar duniya, ya same ta a hannun Ed Greenwood, wani ma'aikacin laburare ɗan Kanada da tun yana yaro yake rubuta labarai a cikin ƙasar da ya kira Forgotten Realms. Kwalinta ya fito a 1987, kuma har yau babu duniyar da ta kama ƙafarta.

Daga nan sai aka saki linzami. Spelljammer ta zo a 1989 da jiragen ruwa masu yawo a sararin samaniya. Ravenloft, ƙasar ban tsoro, ta samu kwalinta a 1990. Dark Sun ta biyo a 1991, hamada ce da tsafi ya ƙone, ruwa ya fi zinariya daraja, sarakuna matsafa suna mulkin birane da bayi. A 1992 aka yi Al-Qadim, wadda duk mai karatun Hausa da ya san Dare Dubu da Ɗaya zai gane ta nan take, da aljannunta da fataken raƙuma da halifa. Planescape ta fito a 1994, Birthright kuma a 1995, inda ɗan wasa ke zama sarki ya riƙe ƙasa. Idan ana maganar fasaha, wannan zamani ne da ba a sake yin irinsa ba, kuma waɗanda suka tashi a cikinsa suna da hujjar yin kewarsa.

Sai dai lissafin kuɗi bai tafi tare da fasahar ba. Kowace duniya tana bukatar marubuta da masu zane da jerin littattafan da za su biyo baya, alhali yawan masu saye bai ƙaru daidai da yawan duniyoyin ba. Wanda ya zauna a Dark Sun ba ya sayen littafin Dragonlance, wanda ke Planescape ba ruwansa da Birthright. Kamfanin ya raba garkensa gida-gida, yana gasa da kansa. Ga kuma yarjejeniyarsa da Random House mai rarraba littattafai, inda TSR ke karɓar kuɗi da zarar ya aika kaya, ba sai an sayar ba. A ƙarshen 1996 aka dawo masa da tarin kayan da suka yi kwantai, bashi ya taso, maɗaba'a ta ƙi ci gaba da aiki. A 1997 Wizards of the Coast, mai wasan kati na Magic: The Gathering, ya saye TSR, shi ma Wizards sai kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye shi a 1999.

Ryan Dancey, wanda ya duba takardun TSR a lokacin cinikin, ya yi ta nanata cewa rarraba masu saye na cikin abin da ya kashe kamfanin. Ana iya jayayya kan ko shi ne babban dalili, domin akwai wasu kurakuran da dama. Amma sababbin masu wasan sun yarda da bayanin, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. A bugu na uku na wasan, na 2000, sun riƙe Forgotten Realms da Greyhawk, suka ba wasu kamfanoni lasisin Ravenloft da Dragonlance, sauran kuma aka rufe su. Lasisin buɗe ƙofa da aka fitar a shekarar ya ba kowa damar buga tasa duniyar da ƙa'idojin wasan. Ta wannan hanya ce Atlas Games ya buga Nyambe a 2002, duniyar da aka gina kan tatsuniyoyi da tarihin Afirka. Sabuwar duniya ɗaya da kamfanin ya yi wa babban shiri ta fito ne daga gasa: a 2002 aka karɓi shawarwari kusan 11,000, Keith Baker ya ci da Eberron, aka buga ta a 2004. Bugu na huɗu ya gwada duniya ɗaya a shekara, Forgotten Realms a 2008, Eberron a 2009, Dark Sun a 2010, littafi biyu zuwa uku sai a wuce.

Bugu na biyar na 2014 ya fi kowanne taka-tsantsan. Shekarun farko kusan komai a gaɓar Sword Coast ta Forgotten Realms aka ajiye shi. Da aka fara buɗe ƙofa, sai aka fara da abin da ya riga ya tara mabiya: Ravnica a 2018 da Theros a 2020 daga wasan kati aka aro su, Wildemount ta 2020 kuma daga shirin Critical Role na intanet. Tsofaffin sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya, Eberron a 2019, Ravenloft a 2021, Spelljammer da Dragonlance a 2022, Planescape a 2023. Tsarin ɗaya ne, a fitar da littafi ko kunshi guda a tsaya. Mai son ƙari ya je kasuwar DMs Guild da aka buɗe a 2016, inda masoya ke rubutawa su sayar, kamfanin ya ɗauki kasonsa. Dabara ce mai kyau ga asusu. Ga mai karatu kuwa, wani lokaci ɗanɗano ne kawai. Spelljammer ta zo a littattafai 3 masu shafi 64 kowanne, mutane da yawa kuma suka yi ƙorafin cewa ba ta ƙosar ba.

Littafin nan ne kuma ya fito da tsoro na biyu a fili, bayan na rarraba masu saye. An bayyana wata al'umma mai kama da birrai, Hadozee, da tarihin bauta da zanen da ya yi kama da tsohon salon yi wa baƙar fata ba'a a Amurka. Kamfanin ya nemi afuwa, ya cire rubutun, ya ce daga yanzu masu duba al'adu za su riƙa tantance littattafansa. Dama tun 2020 ya liƙa gargaɗi a kan tsofaffin littattafan da yake sayarwa ta intanet, kuma an soki yadda ya nuna Chult, yankin da ya yi kama da Afirka, a 2017. Wannan ya sa Al-Qadim da Kara-Tur da Maztica, waɗanda Turawa suka gina daga al'adun Larabawa da na Asiya da na tsohuwar Meziko, suka zama kaya mai nauyi. A ganina gyaran ba shi da wuya, a ba masu al'adar alƙalami. Wani kamfanin irin wannan wasa, Paizo, ya yi haka da littafin The Mwangi Expanse a 2021 ya samu yabo, shi ma Wizards ya gwada a Journeys through the Radiant Citadel a 2022. Amma sake gina tsohuwar duniya da sababbin hannaye yana cin kuɗi da lokaci, barin ta a ajiye kuwa ba ya cin komai.

A bugun da aka sabunta a 2024, Greyhawk ta dawo a matsayin babi ɗaya cikin littafin jagora, a matsayin misali ga mai son gina tasa. A ƙarshen 2025 Forgotten Realms ta samu littattafai 2, ɗaya na 'yan wasa ɗaya na jagora, Eberron ma ta samu ƙaramin littafi. Fifikon Forgotten Realms ba abin mamaki ba ne, tunda fim ɗin 2023 da wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 duk a cikinta suke.

Saura Dark Sun. A 2023 Kyle Brink, wanda ke jagorantar wasan a lokacin, ya ce duniyar tana da matsaloli ta fuskoki da dama, abin da aka fassara da batun bauta, masoyanta suka ɗauka an binne ta ke nan. Sai ga shi a 2025 kamfanin ya fitar da ƙa'idojin gwaji masu ɗauke da jarumi mai aiki da ƙarfin tunani, da matsafi mai tsotse ran tsirrai, da wanda ya yi mubaya'a ga sarki matsafi, abubuwan da duk wanda ya buɗe kwalin 1991 ya san gidansu. Ƙa'idojin gwaji ba alkawari ba ne, an sha gwada abu a jingine shi. Amma kafin littafin Dragonlance na 2022 da na Planescape na 2023, irin waɗannan takardun gwajin ne suka fara fitowa.