Wanda ya faɗi ya ci gasa? Ga abin da dokar wasan zamiya kan ƙanƙara ta ce

Duk lokacin wasannin Olamfik na hunturu sai bidiyo ya riƙa yawo a WhatsApp, a fadoji na Yamai ana shan shayi ana gardama: ɗan wasa ya sha ƙasa kowa na gani, amma shi aka ba lambar zinariya, don haka an sayi alƙalai. Ba laifin masu faɗin haka ba ne. Mu da muka tashi da kokowa mun san wanda aka kayar an gama da shi, ba ya ɗaukar takobi. To wannan wasa ba haka dokarsa take ba.

Dokar ta ISU ce, hukumar wasan zamiya kan ƙanƙara ta duniya, ta shafi masu wasa su kaɗai, masu wasa biyu-biyu da masu rawa. An kafa ta a 2004 bayan abin kunyar Olamfik na Salt Lake City a 2002, inda alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce an matsa mata ta zaɓi ƴan Rasha, har aka ba ƴan Kanada zinariya ta biyu. Daga nan aka watsar da tsohon tsarin maki 6.0.

Yanzu kowane tsalle yana da farashinsa, wato makinsa na asali, a rubuce. Kwamitin ƙwararru ne ke duba bidiyo ya faɗi wane tsalle aka yi da ko juyin ya cika. Sannan alƙalai tara su ba da makin kyau daga -5 zuwa +5, kowane mataki kashi 10 cikin ɗari na farashin. Ana cire maki mafi sama da mafi ƙasa, a ɗauki matsakaicin sauran bakwai.

Ga inda ake ruɗewa. Faɗuwa ba ta share tsalle. Ɗauki tsallen da ake kira Lutz mai juyi huɗu, farashinsa 11.5. In ɗan wasa ya cika juyin a sama sannan ya faɗi, alƙalai za su ba shi -5, wato rabi ya tafi, saura 5.75. A cire maki 1 na tarar faɗuwa, ya rage 4.75. Wanda ya yi tsallen da ake kira toe loop mai juyi uku ya sauka lafiya lau, farashinsa 4.2 ne kawai kafin a ƙara masa na kyau. Kun ga mai faɗuwa na iya wuce shi ba tare da kowa ya karɓi ko dala ba. A gasar manya ta masu wasa su kaɗai, tarar tana hawa: faɗuwa ta farko da ta biyu maki 1 kowace, ta uku da ta huɗu 2, daga ta biyar 3. Wani abin da ke cin ɗan wasa shi ne juyin da bai cika ba, wanda ido ba ya kamawa a talabijin. In ya gaza da fiye da kwata, farashin ya koma kashi 80, in gibin ya kai rabi a lissafa masa tsallen kamar an rage juyi ɗaya. A ganina tarar maki 1 ta yi sauƙi, domin tana sa yara su riƙa jefa jikinsu cikin tsallen da bai zauna musu ba.

Wannan ba ya wanke alƙalai. Akwai kaso na biyu na maki, na tsarin wasa, gabatarwa da gwanintar zamiya, daga 0.25 zuwa 10, kuma nan son rai ke samun ƙofa. A Olamfik na Sochi a 2014 Adelina Sotnikova ta Rasha ta doke Yuna Kim ta Koriya ta Kudu 224.59 da 219.11. Ta fi Kim tsalle mai juyi uku guda ɗaya, wannan lissafi ne. Amma yadda makinta na gwaninta ya kusan kamo na Kim shi ake ta muhawara a kai har yau, kuma lokacin ba a san wane alƙali ya ba da wane maki ba. Sai a 2016 aka daina ɓoye sunaye.

Har yanzu ƙasa ce ke turo alƙalinta, kuma yana iya ba ɗan ƙasarsu maki. Ƙorafi kuwa ana karɓarsa kan kuskuren lissafi, ba kan makin da alƙali ya ga ya dace ba. Mai son ya gane ko an yi zalunci ya buɗe takardar maki da ISU ke wallafawa bayan kowace gasa, ya nemi alƙalin da makinsa ya yi nisa da na sauran takwas, sannan ya duba ƙasarsa.