Dokokin mallakar baƙi a harkar mai da iskar gas

Dokokin mallakar baƙi su ne ƙa'idojin da ƙasa ke gindayawa kan kason da kamfanin waje zai iya riƙewa a aikin haƙar mai da iskar gas, da ikon da zai samu wajen tafiyar da aikin, da kuma yadda zai sayar da kasonsa idan zai fita. A mafi yawan ƙasashe man da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, abin da baƙo ke samu shi ne izinin haƙowa da rabo a cikin abin da ya fito. Amurka ce fitacciyar da ta bambanta, domin a can mai fili na iya mallakar abin da ke ƙarƙashin filinsa.

Asali

Kafin shekarun 1950, kamfanonin Turai da Amurka kan karɓi yanki mai faɗi na shekaru da dama, su biya gwamnati ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Meziko ta ƙwace kadarorinsu a 1938 zamanin Shugaba Lázaro Cárdenas, Iran ta bi sahu a 1951, sannan a 1962 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1803 da ya tabbatar wa ƙasashe iko kan albarkatunsu. Saudiyya ta bi hanyar saye sannu a hankali: kashi 25 cikin ɗari na kamfanin mai na Aramco a 1973, kashi 60 a 1974, duka a 1980.

Tsare-tsaren da ake bi

A tsarin lasisi, kamfani ne ke da man da ya haƙo, gwamnati ta ci nata ta haraji. Norway na bin wannan, kuma harajinta kan ribar mai ya kai kashi 78 cikin ɗari, don haka ba ta da matsin lambar hana baƙi shiga.

Yarjejeniyar rabon mai ta samo asali daga Indonesiya a 1966. Kamfani ne ke zuba kuɗin bincike gaba ɗaya, in rijiya ta fito babu komai asarar tasa ce. In an dace, yana fara ɗibar man da zai mayar masa da abin da ya kashe, ragowar a raba da gwamnati. Rigimar wannan tsari kusan kullum kan lissafin kuɗin da aka kashe take, domin duk dalar da kamfani ya ƙara a ciki tana rage rabon gwamnati.

Akwai kuma kwangilar aiki, wadda Iran da Iraƙi suka yi amfani da ita: ana biyan kamfani ladan aikinsa, man bai zama nasa ba.

Haɗin gwiwar dole

Nan ne dokokin suka fi tsanani. Aljeriya ta wajabta wa kamfanin mai na gwamnatinta, Sonatrach, aƙalla kashi 51 a ayyukan haƙar mai. Benezuwela ta tilasta wa kamfanoni a 2007 su bar wa kamfanin mai na gwamnati, PDVSA, aƙalla kashi 60 a ayyukan yankin Orinoco. ExxonMobil da ConocoPhillips suka ƙi, suka kai ƙara kotun sasanci ta duniya. Birazil ta kafa doka a 2010 cewa kamfanin mai na ƙasar, Petrobras, ne zai tafiyar da sababbin rijiyoyin can ƙarƙashin gishirin teku da aƙalla kashi 30, amma ta sassauta a 2016 da nauyin ya fi ƙarfin kamfanin. A Nijeriya, NNPC na da kashi 55 a haɗin gwiwar da aka kafa da Shell, da kashi 60 a na Chevron.

Abin da masu tsara doka ke yawan mantawa shi ne mai kaso mafi tsoka shi ne mai biya mafi tsoka. Idan gwamnati na da kashi 60, to dala 60 cikin kowace 100 da za a kashe daga aljihunta za su fito. Nijeriya ta daɗe tana jinkirin biyan nata kason, bashi ya taru, aka dakatar da haƙa sababbin rijiyoyi, man da ake fitarwa ya ragu. Don kauce wa haka wasu yarjejeniyoyi kan sa baƙon ya biya wa gwamnati, ya fanshe daga man da zai fito.

Wata ɓarakar kuma ita ce aron suna. Dokar Nijeriya ta 2010 kan fifita 'yan ƙasa ta ce kamfanin gida shi ne wanda 'yan ƙasa ke da aƙalla kashi 51 na hannun jarinsa. Ba wuya a rubuta ɗan ƙasa na jeka-na-yi-ka a takarda alhali kuɗi da na'urori da shawara duk suna hannun baƙo. Shi ya sa hukuma mai lura ba ta tsayawa kan takardar rajista, takan bincika wa ke sa hannu a asusun banki da wa ke naɗa shugabanni.

Tantancewa da fita

Ƙasashen da ba su kafa iyakar kaso ba su ma suna da ƙofar da suke tsarewa. A 2005 kamfanin mai na gwamnatin Sin, CNOOC, ya taya kamfanin Unocal na Amurka dala biliyan 18.5, ya janye saboda adawar 'yan majalisa, Chevron ya saya. Kanada ta amince CNOOC ya sayi kamfanin mai na ƙasar, Nexen, kan dala biliyan 15.1 a 2012, tare da sanarwar cewa ba za ta sake barin kamfanin wata gwamnati ya karɓe ragamar aikin tace mai daga yashi ba sai bisa dalili na musamman.

Fita ma sai da izini. Yawanci abokan haɗin gwiwa na da haƙƙin fara saye a kan farashin da wani ya taya, sannan a jira sa hannun minista. ExxonMobil ya sanar da sayar da ɗaya daga cikin rassansa na Nijeriya ga kamfanin Seplat a Fabrairun 2022, amma ba a kammala cinikin ba sai Disamban 2024. Kafin a amince, hukuma kan so sanin wa zai ɗauki nauyin toshe tsofaffin rijiyoyi da share malalar mai, don kada bashin ya koma kan mai sayen da ba shi da ƙarfin biya.