Haɗa Manhaja da Rumbun Bayanai Mai Alaƙa

Rumbun bayanai mai alaƙa shi ne wanda ake ajiye bayanai a cikinsa a teburori masu layuka da ginshiƙai, kowane tebur yana iya nuni zuwa wani ta hanyar lamba da suka yi tarayya a kai. Edgar F. Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da wannan tsari a 1970. Bayansa Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen da ake yi wa rumbun magana da shi, wanda aka fara kira SEQUEL kafin ya koma SQL, aka kuma daidaita ƙa'idojinsa a 1986. Daga cikin irin waɗannan rumbunan akwai MySQL, wanda ya fito a 1995, da PostgreSQL, da SQLite na shekarar 2000.

Yadda ake haɗawa

Manhaja ba ta magana da rumbu kai tsaye. Tsakaninsu akwai ƙaramin shiri da ake kira direba: masu Java suna da JDBC, masu PHP suna da PDO, masu Python kuwa sukan ɗauki psycopg2 in rumbun PostgreSQL ne. Abin da direba ke nema bai wuce adireshin uwar garke (kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta), lambar ƙofar da ake shiga rumbun ta ita, sunan rumbun, sunan mai shiga da kalmar sirri ba. Ƙofar MySQL ita ce 3306, ta PostgreSQL 5432. SQLite ya sha bamban, domin fayil ne guda a cikin na'ura, shi ya sa yake cikin wayoyin Android.

Kalmar sirri ba a rubuta ta a jikin rubutun umarnin manhaja. Ana ajiye ta a wani fayil daban da ba a ɗorawa a intanet. Buɗe sabon haɗi kuma yana cin lokaci, don haka manyan manhajoji ke riƙe 'yan haɗe-haɗe a buɗe, a ara a yi aiki a mayar.

Aika tambaya

A ɗauka an gina manhaja ga mai karɓar susu, wato adashi, da ke zagaya kasuwar Kejetia a Kumasi, ƙasar Gana. Tebur ɗaya na sunayen masu zubi ne, ɗayan na kuɗin da kowa ya zuba. Idan yana son ganin zubin wata mai sayar da atamfa, manhajar za ta aika:

SELECT rana, adadi FROM zubi WHERE lambar_mai_zubi = %s

Alamar ƙarshe gurbi ce. Lambar matar ana miƙa wa direba ita daban, shi zai kai ta a matsayin bayani kawai. Nan ne tushen tsaron gaba ɗaya. Mai gaggawa yakan manna abin da aka rubuta a akwatin bincike a jikin umarnin, kuma aikin zai tafi lafiya har ranar da wani ya rubuta 5 OR 1=1. Rumbu ba ya gane mugun nufi. Tunda OR na nufin "ko", 1=1 kuma kullum gaskiya ne, sharaɗin da ke bayan WHERE ya zama gaskiya ga kowane layi, sai ya kwaso zubin kowa da kowa ya bayar. Wannan ɓaraka tsohuwa ce, maganinta sananne ne, kuma babu uzuri ga wanda ya bar ta a manhajar da ke riƙe da gumin mutane. A Gana ma akwai dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, da ta ɗora wa mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su.

Kammala aiki ko janye shi

Cire kuɗi daga asusu ɗaya a saka a wani umarni biyu ne. In wuta ta ɗauke a tsakani, abin da duk wanda ya ga zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya sani, kuɗi ya fita bai isa ko'ina ba. Don haka ake ɗaure umarnan a dunƙule ɗaya: ko su tabbata duka da COMMIT, ko a janye su duka da ROLLBACK. Idan haɗi ya yanke kafin tabbatarwa, rumbun da kansa yake mayar da komai yadda yake. Masu koyon Python sukan sha mamaki a nan, saboda psycopg2 ba ya tabbatarwa da kansa: a saka bayani, a rufe manhaja, a dawo a tarar da tebur wayam.

Shi kansa kuɗin, ana ajiye shi da nau'in DECIMAL ko a ƙirga shi da pesewa, ɗari a sidi ɗaya, domin nau'in FLOAT yana kawo ɗan kuskure a lissafi.

Haruffan Hausa

Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, tsarin haruffan da yake zuwa da shi latin1 ne, wanda bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Suna irin Ɗanlami kan dawo da alamar tambaya a farkonsa. Gyaran shi ne a saita tsarin haruffa na utf8mb4 a tebur da kuma wajen buɗe haɗin, domin in aka gyara ɗaya aka bar ɗaya, haruffan na iya lalacewa a hanya.