Ruwan da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland ba teku ba ne

In mutanenmu na Agege suka hau gadar Third Mainland ta Legas mai tsawon kilomita 11.8, sai ka ji ana cewa "ga teku nan". Tafki ne. Yashin da igiyar ruwa ta daɗe tana jibgewa a gaɓa ne ya tare ruwan koguna irin su Ogun, ya raba shi da Tekun Atlantika, sai ta mashigar jiragen Apapa suke haɗuwa. Shi ya sa da rani ruwan kan yi gishiri, da damina gishirin ya ragu.

Galibinsa ba zurfi, a Makoko, unguwar da aka gina a kan ruwan, da gora ake tura kwalekwale. Amma masu haƙar yashi sun bar manyan ramuka, don haka ban yarda yarona ya hau jirgin shaƙatawa babu rigar kariya daga nitsewa ba.