Don Allah ku daina raɗa wa fayil ɗin wucin gadi suna da kanku

Makon jiya an sake kirana wani ƙaramin asibiti cikin waɗanda nake duba wa kwamfuta. Wata baiwar Allah ta zo karɓar sakamakon gwajin jininta, aka buga mata na wani dattijo. Allah ya sa nas ɗin ta lura kafin a miƙa mata. Da na buɗe manhajar da wani yaronmu ya rubuta musu, sai ga abin da na saba gani: kowane sakamako yana fara sauka a fayil ɗaya mai suna sakamako.txt cikin /tmp, wato ma'ajiyar fayilolin wucin gadi, kafin a buga shi. Ma'aikata biyu suka danna a lokaci guda, na biyun ya danne na farko.

'Yan uwana masu rubuta manhaja, na faɗa har bakina ya gaji. Ku daina zaɓar sunan da kanku.

Wani zai ce ai ya liƙa lambar aiki, wato lambar da Linux ke ba kowace manhaja mai gudana, ko lokaci a jikin sunan. Lambar nan Linux tana sake ba wani ita, kuma cankarta ba wuya. Wani kuma ya ce shi tmpnam ko mktemp yake kira, wato umarnin yaren C masu ƙirƙiro sunan fayil. To waɗannan suna kawai suke ba ka, ba su buɗe maka komai ba. Tsakanin karɓar sunan da buɗe fayil ɗin akwai ɗan giɓi, bai kai ƙiftawar ido ba, amma /tmp kasuwa ce, kowa na da ikon ajiye kaya a cikinta. Mugu zai iya riga ka, ya dasa mahaɗi (fayil mai nuni zuwa wani fayil) mai wannan sunan da ke kaiwa ga wani fayil mai muhimmanci, kai kuma ka shafe shi da hannunka. In manhajarka da ikon root, wato cikakken iko a kan kwamfutar, take gudana, ɓarnar sai abin da Allah ya kiyaye.

Abin da ya fi ci mini rai, a Linux gargaɗi na fitowa ɓaro-ɓaro lokacin haɗa manhajar, cewa tmpnam na da haɗari, a koma mkstemp. Kuna gani kuna wucewa, wai ai ta yi aiki! POSIX, ƙa'idar da tsare-tsare irin su Linux ke bi, ta cire mktemp tun 2008, Python kuma ta daina amincewa da tempfile.mktemp tun siga ta 2.3. Na san tsofaffin littattafai ne suka koya muku, ni ma da su na fara, amma uzurin ya ƙare.

Gyaran ba shi da wahala:

- A C, ku kira mkstemp da sunan da ya ƙare da X guda 6. Ita za ta zaɓi suna ta buɗe fayil ɗin a lokaci ɗaya, kuma mai shi kaɗai ke iya karantawa.
- Ku riƙe lambar buɗaɗɗen fayil ɗin da ta miƙo muku ku yi rubutu ta cikinta, kar ku rufe ku sake buɗewa da suna.
- In fayiloli da yawa ne, mkdtemp, mai buɗe muku ma'ajiya taku ku kaɗai.
- A Python, NamedTemporaryFile.
- Kun gama, ku goge. Bayanan marasa lafiya amana ce, kuma na gaji da tsintar su zube a /tmp bayan watanni.