Tasirin Kafofin Sada Zumunta a Kan Zanen Gine-gine da Adon Wurare

Tasirin kafofin sada zumunta a kan zanen gine-gine shi ne yadda hotunan da ake yaɗawa a manhajoji irin su Instagram, Pinterest da TikTok suke sauya fasalin gidaje, otal-otal, gidajen cin abinci da wuraren taruwar jama'a. A da, mai zanen gini yakan fara da tambayar wa zai zauna a ciki, ta ina iska za ta shigo, ina inuwa za ta sauka. Yanzu an ƙara wata tambaya wadda sau da yawa takan danne sauran: yaya wurin zai fito a fuskar waya?

Asali

Hoto da gini sun daɗe suna tafiya tare. Hoton da Julius Shulman ya ɗauka na gidan Stahl a Los Angeles a 1960 ya kai sunan gidan duniya, kuma gidan tarihi na Guggenheim da Frank Gehry ya zana a Bilbao ta ƙasar Sifaniya, wanda aka buɗe a 1997, ya ja baƙi da kamanninsa. Amma a wancan zamani ƙwararru ne ke ɗaukar hoton, mujallu ke zaɓen wanda za a buga. Da Instagram ta fito a Oktoban 2010, duk wanda ya shiga wuri da waya a hannu ya zama mai ɗaukar hoto, kuma mai yi wa wurin talla kyauta. Masu jari ba su daɗe ba suka gane haka. Har zuwa 2015 hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida kaɗai manhajar ke karɓa, wanda ya sa bango guda ko lungu guda ya fi dukan ɗaki daraja.

Siffofin salon

Abin da ido zai kama cikin daƙiƙa ɗaya, kafin yatsa ya ture hoton, shi ake nema: launi ɗaya mai ƙarfi, tayil mai zane da mutum zai ɗauki ƙafafunsa a kai, rubutun fitila a bango, ganyaye, madubai, da haske mai gyara fuska. Zauren cin abinci na Sketch a Landan, wanda India Mahdavi ta mayar ruwan hoda tun daga bango har kujeru a 2014, ya zama abin koyi. A 2016 aka buɗe Museum of Ice Cream a New York, wurin da aka tsara ɗakunansa musamman domin ɗaukar hoto.

A 2016 ɗin ne marubuci Kyle Chayka ya raɗa wa lamarin suna AirSpace, yana nufin yadda wuraren shan gahawa da ɗakunan haya a birane masu nisa da juna suka koma kamar an tsaga kara: jan bulo ba shafe, tsohon katako, kwan fitila tsirara a rataye. Dalilin a fili yake. Manhaja tana ƙara nuna hoton da aka fi so, mai gida ya adana shi, ya kai wa mai zane ya ce irin wannan yake so, sabon wurin kuma ya haifi wasu hotunan iri ɗaya. A haka ake rasa abin da ya dace da yanayin kowane gari da kayan gininsa, kuma wannan babbar asara ce.

Ɗakin karatu na Tianjin

Misalin da ya fi fito da matsalar shi ne ɗakin karatu na Binhai a birnin Tianjin na ƙasar Sin, wanda kamfanin MVRDV na Holan ya zana tare da wata cibiyar zane ta birnin, aka buɗe a Oktoban 2017. Fararen kantoci ne suke lanƙwasa kamar igiyar ruwa daga ƙasa har rufi, sun kewaye wani ƙaton ƙwallo mai haske a tsakiya wanda ake kira Ido. A hoto, littattafai sun cika wurin maƙil. Wanda ya matsa kusa kuwa zai ga cewa na kantocin sama hotunan bayan littattafai ne da aka buga a kan farantan alminiyom. Masu zanen sun bayyana cewa gaggawar kammala aikin ce ta sa aka fasa yin ɗakunan da za a bi a kai ga waɗannan kantoci. Akwai littattafai na gaske a wasu sassan ginin, sai dai zauren da duniya ta sani ya fi yi wa kyamara hidima fiye da mai karatu. Zafi, ƙara, wahalar hawa matakala ga tsoho ko mai keken guragu, duk hoto ba ya ɗaukar su, kuma su ne mai amfani da gini ke fama da su kullum.

Mazauna da tsofaffin gine-gine

Tasirin ya kai har ga wuraren da aka gina tun kafin a san intanet. La Muralla Roja, rukunin gidajen da Ricardo Bofill ya kammala a Calpe ta Sifaniya a 1973, ya cika da masu neman hoto har aka taƙaita shiga. A 2019 mazauna titin Crémieux a Faris, mai gidaje kala-kala, suka roƙi hukumar birnin ta sa musu ƙofa, domin baƙi na zama a bakin ƙofofinsu suna ɗaukar hoto.

Duk da haka, akwai alheri a ciki. Matashin mai zane da ba shi da hanyar shiga manyan mujallu yana iya nuna aikinsa kai tsaye. Gangamin SOSBrutalism, wanda gidan tarihin gine-gine na Jamus da ke Frankfurt ya shiga jagoranta tun 2015, ya yi amfani da hotunan jama'a wajen tattara bayanan manyan gine-ginen kankare da ke fuskantar rushewa.

Zamanin bidiyo

Da TikTok ta bazu, Instagram kuma ta fito da Reels a 2020, hankali ya karkata ga gajeren bidiyo na tsaye. Masu zane suka fara kula da abin da ake gani ana tafiya: doguwar matakala, ƙofar da ke buɗewa ga wani faffaɗan fili, rufi mai tsawo. Yayin intanet kuwa ba ya daɗewa, alhali gini na shekaru gommai ne, shi ya sa sauyin ya fi yawa a fenti, fitilu da kayan ɗaki, waɗanda ake iya cirewa. Zauren Sketch ma an sauya masa launi zuwa rawaya a 2022, da aikin Mahdavi da na mai fasaha Yinka Shonibare.