Tambayoyin waya da na gaji da amsawa a bakin shago

Sana'ata gyaran waya ce, a nan Tawa, amma rabin wunina ba a kan fasasshen gilashi ko kumburarren batir yake ƙarewa ba. A kan tambayoyi yake ƙarewa, kuma su ne dai kullum, daga bakin ɗan lakwal har na Alhajin da ke da shaguna a Abijan. Ga su nan na tara wuri ɗaya. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

An kira ni an ce na ci kyautar jika ɗari biyar, in karanto lambobin da suka shigo wayata. In karanta?

A'a. Wace gasa ka shiga? Ba ka shiga ko ɗaya ba. Kashe kiran, kada ma ka tsaya musu da shi.

Wai akwai lambar da in ka ɗauka za a kwashe kuɗinka?

Babu. Ɗaukar kira ba ya cire ko dala daga asusunka. Abin da ke akwai shi ne lambar wata ƙasa ta yi maka bip, son jin ko wane ne ya sa ka kira, kredinka ya ƙare kafin ka gama sallama. Lambar Nijar da +227 take farawa, ta Najeriya +234, Kot Dibuwa +225, Libiya +218, Aljeriya +213. Waɗannan duk Ba'adare ya san su, don can 'yan uwanmu suke ci-rani. In ka ga wata daban daga ƙasar da ba ka da kowa, bar ta. Mai nemanka da gaske zai sake kira.

To ta yaya aka sace WhatsApp ɗina, alhali wayar tana aljihuna?

Kai ka ba da shi. Na san ba ka son jin haka, amma haka ne. WhatsApp ba wayarka ya sani ba, lambarka ya sani. Ɓarawo ya sa lambarka cikin tasa wayar, kamfanin ya aiko maka da lambobi 6 ta SMS don ya tabbatar kai ne. Sai ɓarawon ya kira ka, ko ya rubuto ta asusun abokinka da ya riga ya sace, ya ce an turo maka kod ɗinsa bisa kuskure, ko ya ce na shiga sabon gurup ɗin 'yan garinku ne. Ka karanta masa. Shi ke nan. Lambobin nan 6 makullin ɗakinka ne, ba a miƙa wa kowa, ko da ya rantse shi ma'aikacin kamfani ne.

Kwantar da hankalinka dai, yana dawowa. Muddin layinka yana hannunka, sake sa lambarka cikin WhatsApp, jira sabon SMS, ka shigar. Da ka shigar, an kore shi. In ya riga ya sa nasa PIN, za a ce ka jira kwana 7. Jira, shi ma a waje yake duk tsawon kwanakin. Tsofaffin hirarrakinka bai gan su ba, don cikin wayarka suke ajiye. Gurup-gurup ɗinka ya gani da lambobin mutanen ciki, su kuma zai bi yana roƙo da sunanka. Saboda haka kafin komai, kira mutum biyu ko uku su sanar da jama'a cewa ba kai ba ne.

In ya dawo, shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka sa naka PIN. Leƙa Appareils connectés kuma, duk na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita. Ta nan na kusa da kai suke shiga: mutum ya ari wayarka wai zai yi kira, ya haɗa ta da tasa, ya zauna yana karanta duk abin da ke shigo maka.

Ɗana da ke Abijan ya rubuto yana cikin matsala, in tura kuɗi yanzu-yanzu.

A kira shi tukuna, ta layi, ba ta WhatsApp ba.

Wata dattijuwa ta shigo shagona da kuɗi ƙulle a bakin mayafi, da wata lamba rubuce a bayan takardar magani, tana neman in nuna mata inda ake turawa. Na ce, "Inna, kin ji muryarsa?" Ta ce, "A'a ɗana, rubutu ne, jikata ta karanta mini. Wai 'yan sanda sun riƙe shi." Na ce, "Sunan da ke kan takardar nan nasa ne?" Ta ce an ce na abokinsa ne. Muka sa kredi muka kira layinsa. Ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa yana ciniki, bai ma san an shiga asusunsa ba. Hannunta rawa yake sa'ad da take gyara ƙullin.

Gaggawa, da "kada ki faɗa wa kowa", da sunan wani daban a matsayin mai karɓa: in suka haɗu, ɓarawo ne. Ko murya aka turo, a tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani, kamar sunan kakarsa ta wajen uwa, domin yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. In kuɗin sun riga sun tafi, ko ta Nita, ko Amana, ko Al Izza, a ruga ajans ɗin da rasit a hannu tun ba a cire ba, daga nan komisariya. Bayan an cire, galibi sai haƙuri.

GB WhatsApp fa?

Cire shi. Kwaikwayon WhatsApp ne, ba kamfanin ne ya yi shi ba, ba mai gaya maka inda saƙonninka suke biyawa, kuma ana rufe lambar mai amfani da shi. Duk don ka ga saƙon da aka goge?

Wayata tana zafi, batir yana saurin ƙarewa. An shiga ne?

Ba wanda ya shiga. Tawa kake, cikin zafin Afrilu da Mayu, ka ajiye ta kan babur a rana. Ga cajar jabu ta jika guda, ga bidiyo kana kallo tana jone da wuta. In batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi, daina caji, kawo.

Ana sauraron abin da muke faɗa a WhatsApp?

Tun 2016 saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, kamfanin layi ba ya iya karanta shi a hanya. Kiran layi da SMS ba su da irin wannan kulli. Amma ba ta nan mutane suke shiga uku ba. Gurup ɗaya yana ɗaukar mutum sama da dubu. Ka san su duka? Ɗaya ya ɗauki hoton maganarka, ko ya tura muryarka gaba, kulli ya tashi a banza. Abin da ba za ka faɗa a fada ana shan shayi gaban baƙo ba, kada ka faɗe shi a gurup.

An turo murya a gurup cewa an tare hanya ko an kai hari wani gari, kuma ƙanena zai bi hanyar gobe. In tura wa 'yan uwa, ko in yi shiru?

Wannan ba na amsa ta a tsaye. Zauna.

Ba zan ce maka tsoronka na banza ne ba. Mu mutanen jihar Tawa ne. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, gwamnati da kanta ta sanar da adadin. Mai ɗan uwa direba a hanyar Abalak zuwa Agadas, ko mai cin kasuwannin arewa, ya san yadda zuciya take in waya ta ƙi shiga. Wani lokaci labarin da ya iso da wuri rai yake ceta. Duk wanda ya ce maka kada ka taɓa faɗa wa kowa komai, bai taɓa zaman jiran motar da ta makara ba.

Amma akwai doka, kuma yawancin masu turawa ba su san ta ba. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ce. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka maido shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta waya, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, ban da tara ta miliyoyin sefa. Ba wanda ya ƙirƙiro kaɗai take nema ba, har mai yaɗawa. "Ni ma turo mini aka yi" ba kariya ba ce, kuma kada ka dogara da cewa "ai gaskiya ce" za ta fid da kai. A ganina wannan sashe ya yi faɗi da yawa, kusan komai yana iya shiga cikinsa, kuma hakan bai yi mini daɗi ba. Sai dai rashin jin daɗina ba zai hana a zo a tafi da kai ba, iyalinka su rasa mai awo.

Sannan ga ƙarya. Tun da aka dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, da BBC ta wata uku a Disamban 2024, mutane da yawa da na sani sun koma jin labari daga muryoyin WhatsApp, waɗanda ba suna, ba rana. "Yanzun nan" da mai muryar yake faɗa, na yau ne ko na bara? An taɓa nuna mini bidiyon hari wai a arewacin Tawa, cikin Afrilu, ciyawa kore shar har gwiwa. A Afrilu! Duba lambar mota, duba kayan sojan, saurari harshen da ake yi a gefe. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka. Tun 2020 WhatsApp ba ya barin a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda, kuma ba don banza aka yi haka ba.

To me za ka yi? Ya danganta da wa ya faɗa, da wa ke buƙatar ji. In ka san mai muryar, ka san yana wurin, kira shi ka tambaya: da idonka ka gani, ko ji ka yi? Yaushe? In ba ka san shi ba, je tasha. Direbobin da suka shigo yau sun fi kowane gurup sanin hanya. In bayan haka zuciyarka ba ta kwanta ba, kira ƙanenka shi kaɗai ka ce masa, "Na ji magana kan hanyar nan, ban tabbatar ba, ka jinkirta ko ka bincika kafin ka shiga mota." Ka sauke haƙƙin zumunci, ba ka watsa komai ba. Mutum ɗaya ne zai yi tafiya, ba mutum ɗari uku na gurup ba. Ban ce wannan ya warware kowane hali ba. Akwai ranar da abu zai zo da sauri, ba lokacin zuwa tasha, ba wanda za ka kira ya ɗauka, kuma a ranar hankalinka ne zai yi maka jagora, ba rubutuna ba. In kai ne ka gani da idonka, jandarma ko mai gari ne farkon wanda za ka sanar. Lambar 'yan sanda 17.

Akwai dai waɗanda babu "ya danganta" a kansu. Hoton gawa ba a turawa. Ba a gurup ya kamata uwa ta fara ganin fuskar ɗanta ba. Inda sojoji suka tsaya ko suka nufa, ba a turawa, don ba ku kaɗai ne cikin gurup ɗin ba. Mafi muni kuma shi ne saƙon da ya kama sunan mutum, ko na wata ƙabila, ya ce su ne masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Irin wannan saƙo kashe mutum yake yi, kuma in aka kashe, da hannunka a ciki. Hausawa, Abzinawa, Fulani da Larabawa kasuwa ɗaya muke ci a garin nan. Ku ji tsoron Allah.

Starlink ya fi layin waya?

Intanet ne ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar a Maris 2025. In kana inda rezo ba ya kai, ko kana sayar da wifi a unguwa, yana da amfani. Amma sai da wuta, kuma kowane wata sai ka biya. Don kallon TikTok kai kaɗai, forfenka na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom ya ishe ka. Kuma ba ya hana a sace maka WhatsApp, tun da an tambaye ni wannan ma.

Abokina ya ce in ara masa katin shaidata ya sayi layi.

Ina nasa? Duk abin da aka aikata da layin nan, sunanka ne a rubuce, ƙofarka za a buga.

Zan kawo waya gyara. In ba da kod ɗina?

Cire layi da katin memori tun daga gida. Gyaran caji, lasifika ko gilashi yawanci ba sai da kod ba, in kuma ana son gwadawa, buɗe da kanka kana tsaye. Hajiya, ke musamman, kada kunya ta sa ki karanta wa yaron shago lambobinki ki tafi kasuwa. Mai gyaran da ya ji haushi don kin ƙi ba shi, ɗauki wayarki ki canza shago. Ku kuma abokan sana'a masu buɗe hotunan mutane kuna nuna wa juna, amana aka ba ku, kuna da ƙanne mata ku ma. Mai sayar da waya kuma, goge hotuna ɗaya-ɗaya bai isa ba. Fitar da asusunka na Google, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sannan ka miƙa.

Na tsinci waya a kulle, za ka buɗe mini?

Ba zan buɗe ba. Sa mata caji, ka bar ta a kunne, mai ita zai kira. In bai kira ba, kai ta komisariya.